Kamfanin hidimar jama'a a mahangar doka

A doka, kamfanin hidimar jama'a shi ne wanda ke samar da abin da mutane ba za su iya yi ba sai da shi, kamar lantarki, ruwan famfo, iskar gas ko layin waya, kuma yake sayar da shi ga duk wanda ya nema. Ba kayan da ake sayarwa ne ke sa shi cikin wannan rukuni ba, a'a, buɗe ƙofa ga kowa da kowa ne. Maigidan da ya ja wa 'yan hayarsa wuta daga janaretansa bai shiga ba; wanda ya kafa turaku a unguwa yana karɓar kuɗin wuta ya kusa shiga.

Tushen wannan fahimta a Amurka shi ne shari'ar Munn da jihar Illinois ta 1877, inda Kotun Ƙoli ta ce jiha na da ikon ƙayyade kuɗin da rumbunan hatsi na Chicago ke karɓa, tunda kasuwancinsu ya shafi maslahar jama'a.

Yawanci kamfani ɗaya ke riƙe da yanki, domin ja layi biyu a titi ɗaya asarar kuɗi ce. A madadin wannan gata, doka kan ɗora masa nauyi: kada ya ƙi mai nema ba tare da dalili ba, kada ya nuna bambanci tsakanin masu matsayi ɗaya, kuma farashinsa sai hukuma ta amince.

A Najeriya, dokar garambawul ga harkar lantarki ta 2005 ce ta kafa NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki a ƙasar, aka kuma raba PHCN, kamfanin lantarki na gwamnatin tarayya, gida 18: shida na samar da wuta, 11 na rarrabawa, ɗaya na dakon ta. Dokar ta yafe lasisi ga mai samar da abin da bai wuce megawat 1 ba a wuri guda, da mai rarraba abin da bai haura kilowat 100 ba. Dokar 2023 ta maye gurbinta, ta ba jihohi damar tsara kasuwar lantarkinsu.

Rikici ya fi tasowa kan lissafin kuɗi. Gidan da ba shi da mita ana yi masa kintace, abin da ya sa NERC ta kafa iyaka ga irin wannan bil a 2020.