Taimin ɗin wuta a injin mota

Taimin ɗin wuta shi ne lokacin da filogi ke sakin tartsatsi cikin silinda don ya kunna fetur da iskar da aka matse. Ana auna shi da digirin juyawar kiranshaf, babban ƙarfen da fiston ke juyawa a cikin inji. Da yake fetur ba ya cinyewa nan take, sai a sa wutar ta zo kaɗan kafin fiston ya ƙure sama.

Tarihi

A motocin farko, direba ne ke saita wuta da hannunsa. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, tana da ɗan sanda a hagun sitiyari don haka. Kafin a murɗa hannun tayar da inji dole a jinkirta wutar, in ba haka ba ƙarfen ya dawo da ƙarfi, har yakan karya hannu. A wajajen 1910 Charles Kettering na kamfanin Delco da ke Dayton, Amurka, ya fito da tsarin batir da kwayil (mai ƙara ƙarfin wuta) da kwantak (mai katse wutar kwayil don tartsatsi ya fita), Cadillac ta ɗauka, aka shafe shekaru fiye da hamsin ana amfani da shi. Daga baya aka sa wa distiribita (mai rarraba wuta zuwa filogi-filogi) 'yan ƙarafa masu buɗewa in inji ya ɗau gudu, suna sa wuta ta zo da wuri da kansu. Kwantak ya fara ɓacewa ne a shekarun 1970.

Bayan an harhaɗa inji

Kiranshaf na juyawa sau 2 kafin distiribita ta juya sau 1, don haka a juyin distiribita ɗaya fiston na 1 kan ƙure sama sau biyu, sau ɗaya kawai yana matsa iska. Nan ake yawan kuskure. Bakanike kan cire filogin, ya toshe ramin da yatsa, a juya injin a hankali har iska ta turo yatsan. Sai a daidaita alamar fuli (faifan bel na gaban kiranshaf) da ta jikin inji, a zura distiribita, rota (ɗan hannun da ke juyawa a cikinta) na kallon wayar silinda ta 1. Sauran wayoyi su bi jeri. A yawancin injina masu silinda 4, jerin 1-3-4-2 ne. In aka sa distiribita a juye, inji ba ya tashi, sai tari ta kabureta.

Da inji ya yi zafi, a haska alamar da fitilar taimin, a murɗa distiribita har digirin ya zo yadda kamfani ya rubuta. Wuta ta yi gaba da yawa, inji ya yi ta ƙwanƙwasa. Ta yi baya, ya rasa ƙarfi ya yi zafi.

Wasu na saitawa da kunne. Littattafan kamfanoni fitila suka sani.

A motocin yanzu kwamfuta ce ke wannan aiki.