Raguwar ƙarfin babur a cikin ruwan sama

Raguwar ƙarfin babur a cikin ruwan sama matsala ce da ke sa injin ya riƙa sarƙewa, ya ƙi karɓar totur, ko ya mutu baki ɗaya yayin tafiya cikin ruwa, sannan ya dawo daidai da zarar ya bushe. Injin fetur ba ya aiki sai da wuta a filogi, da iska, da mai tsaftatacce, kuma ruwa na iya ɓata kowanne daga cikinsu. Galibi dai laifin yana ɓangaren wuta ne, shi ya sa makanikai ke fara bincike daga can kafin su kwance kabureta.

Tarihi

Matsalar ta girmi yawancin baburan da ke kan hanya a yau. Tun daga 1902, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da maganeto mai ƙarfin wuta, wato na'urar da ke samar wa filogi wuta, injinan babur suka dogara da wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa domin fitar da tartsatsi. Ɗan danshi kaɗan a tsakaninsu ya isa ya kashe injin, don haka direbobin wancan zamani suka saba rufe maganeto da roba ko shafa masa giris. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa akwatin wuta na lantarki da ake kira CDI, kuma Kawasaki H1 na 1969 yana cikin na farko-farko da suka zo da shi. Da yake an cika cikin akwatin da ƙaro, ruwa ba ya samun shiga. Wannan bai kawar da matsalar ba, sai dai ya mayar da ita wasu wurare: hular filogi, soket ɗin wayoyi, da ƙananan makunnai na tsaro da aka ƙara daga baya. 

Ɓangaren wuta

Kwayil, wato naɗin wayar da ke tura wuta zuwa filogi, yana ɗaga wutar zuwa dubban bolt, sau da yawa sama da 10,000, domin ta tsallaka tazarar bakin filogi, wadda a ƙananan babura take tsakanin milimita 0.6 zuwa 0.8. Wuta mai irin wannan ƙarfi tana bin hanya mafi sauƙi. Ruwan sama shi kaɗai ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma idan ya gauraya da laka da dattin titi sai ya zama hanya. In hular filogi ta tsage, ko robar bakinta ta ƙeƙashe, wutar sai ta bi jikin hular ta sauka kan injin ba ta kai bakin filogi ba. A nan ne babur ke tafiya lafiya a hankali, amma da an murɗa totur sai ya fara tari, domin ƙarin matsi a cikin silinda yana buƙatar ƙarin ƙarfin wuta.

Baburan da filoginsu ke fuskantar tayar gaba su suka fi fama da wannan. A injin mai silinda biyu da aka jera su kamar harafin V, ta gaba ce kan fara ɗaukewa, sai babur ya rage rabin ƙarfi, sautin salansa ya canza, a ji warin ɗanyen fetur.

Hanyar gane wurin ba ta buƙatar jiran damina. Ana tayar da babur a wuri mai duhu, a riƙa fesa ruwa da kwalbar feshi a kan sashe ɗaya bayan ɗaya: hular filogi, wayarta, kwayil, sannan soket-soket. Inda injin ya sarƙe ko aka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, nan ne ɓarakar. Ba a riƙe wayar da hannu lokacin gwajin. A baburan da hular ke ɗaure a waya da sukuru, ana kwance ta, a yanke kamar santimita 1 na bakin wayar da ya yi tsatsa ko kore, a mayar. Hula mai rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, yawanci tana nuna kimanin om 5,000 (ma'aunin turjiyar wuta) a mitar gwajin lantarki. In ta nuna fiye da haka nesa, ko ba ta nuna komai ba, canza ta ake yi. Bayan haka a shafa giris na lantarki a cikin robar. Feshin kore danshi irin su WD-40 yana iya tayar da babur a gefen titi, amma ba ya ɗinke tsaga.

Makunnin jak na gefe yana ƙasa inda ruwa ya fi duka. Alamarsa daban ce: injin ba ya tari, ɗaukewa yake yi farat ɗaya in an sa giya, amma yana aiki a firi. Ana iya haɗa wayoyinsa don gwaji kawai; barin sa a haka haɗari ne, domin babur zai iya tashi da jak a ƙasa.

Iska

Matatar iska ta takarda in ta jiƙe tana toshewa, mai ya yi wa iska yawa, filogi ya yi baƙi. A duba robar tsiyayar da ke ƙasan akwatin matatar, a zubar da abin da ya taru.

Mai da kabureta

Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ƙasan tanki da kofin kabureta yake kwanciya. Yana shiga ne ta robar murfin tanki da ta mutu, ko ta ramin tsiyaya na gefen murfin in ya toshe. Babur ɗin da ya ƙara lalacewa bayan an juya famfo zuwa rizab yana nuna ruwa a tanki, don rizab daga can ƙasa yake ja. Ana kwance sukurun da ke gindin kabureta a tari man a kwalba mai haske. Ruwan zai fito ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. Akwai saɓani kan amfanin magungunan da ake zubawa a tanki don shanye ruwa. In ruwan na da yawa, juye tankin ake yi.

Wani dalilin da ake yawan tsallakewa shi ne robar numfashin kabureta da ke rataye kusa da tayar baya. In ruwa ya toshe bakinta, mai ba ya hawa yadda ya kamata, babur ya mutu kamar wanda mansa ya ƙare, ya kuma tashi bayan 'yan mintoci. Ana yanke bakin robar a karkace, ko a raba ta biyu a kai ɗaya ƙarƙashin kujera. A ƙasashe masu sanyi, ƙanƙara ma kan taru a maƙogwaron kabureta in iska na da danshi.

Sikuta

A sikuta, wato babur ɗin da ba a canza masa giya da ƙafa, in injin na kuka amma babur ba ya gudu, bel ɗin da ke juya tayar baya ne ya jiƙe yana sulɓewa.

Ruwa a cikin silinda

Wannan yana faruwa ne in an ratsa ruwa mai zurfi har ya kai bakin shan iska. Ruwa ba ya matsuwa, don haka tilasta sitata ko kik na iya lanƙwasa sandar fistin. Ana cire filogi, a kashe wuta, a juya injin har ruwan ya fita ta ramin, a busar da matata, a zubar da man kabureta. In baƙin mai ya koma fari-fari kamar madara, ana canza shi kafin a tayar da injin, a sake canzawa bayan ɗan gajeren gudu.