Tambari ɗaya, masu shi biyu: haƙƙin mallaka da rajistar tambari

Mai shagon turare ya samu yaron da ya iya zane a kwamfuta, suka yi ciniki, ya tura masa kuɗi, shi kuma ya turo tambari ta WhatsApp. A wurin mai shago magana ta ƙare, ai ya biya. A wurin doka kuwa da sauran rina a kaba, domin haƙƙi biyu ne a kan zanen nan, kuma ba lallai su taru a hannu ɗaya ba.

Haƙƙin mallaka na mai zane ne tun daga ranar da ya gama aikinsa, ba sai ya je ya yi rajista ba. Shi ke hana wani kwafar zanen ba da izini ba. Dokar Najeriya ta 2022 ta ba shi wannan kariya iya rayuwarsa da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai an sa a rubuce. Rasit ɗin banki shaidar biyan kuɗin aiki ne kawai.

Rajistar tambari ba ruwanta da wanda ya zana. Aikinta ta hana wani liƙa alamarka a kan kayansa har mai saye ya ɗauka naka ne. A Abuja ake yin ta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Rukuni-rukuni ake yi, guda 45, don haka rajistar turare ba ta rufe takalma ba.

Takalman ma su suka jawo wata shari'a da lauyoyi kan kafa hujja da ita. A 1988 kamfanin Griggs na Ingila, masu yin takalman Dr Martens, suka sa aka haɗa musu sunan Dr Martens da na AirWair, ɗaya alamar takalmansu, a tambari ɗaya. Wani mai zaman kansa, Ross Evans, shi ya zana, a kan fam 15 kowace awa. Ba wanda ya tuna da takardar miƙa mallaka. Tambari ya zaga duniya, sai ga Evans ya miƙa haƙƙin zanen ga Raben Footwear, wani kamfanin takalma na Ostireliya da ke takun-saƙa da Griggs. Hujjarsa ita ce an biya shi ne don kayan talla na cikin shagunan Birtaniya kaɗai.

Kotu ta ba Griggs gaskiya a 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2005. Dalilin alƙalan mai sauƙi ne: wane ɗan kasuwa ne zai biya a zana masa tambari da sharaɗin mai zane na iya sayar wa kishiyarsa gobe? Aka ce a takarda Evans ne mai shi, amma amfanin na Griggs ne, dole a mayar musu. Ni dai ina ganin sa'a ta taimake su, don hukuncin ya rataya ne a kan abin da kotu ta fahimta daga ciniki, kuma bai ɗaure kotunan Najeriya ba.

Takardar da suka manta da ita ba ta wuce layi uku ba: mai zane ya miƙa duk haƙƙin zanen, a kowace ƙasa, ya kuma tabbatar ba daga intanet ya kwaso shi ba, sai sa hannu da kwanan wata. Mai zanen da ke son ya riƙa nuna aikin ga masu kawo masa ciniki, a nan zai nemi a rubuta masa hakan.