Ma'anar CBM a Kuɗin Dakon Kayan Sauti Daga Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa neman sayo lasifika ko amfilifaya daga Guangzhou ko Dubai, ko don masallacin Juma'a na garinsu ko don sana'ar ba da hayar kayan sauti a bukukuwa da wuraren wa'azi, da wuya a ce ejan kago, wato wakilin da ke shirya dakon kayan, bai tambaye shi CBM nawa ne kayan ba. Mutanenmu na karkarar Ringim, Gumel, Bichi ko Gaya sukan amsa da kilo, domin shi suka saba da shi a awon riɗi da zoɓorodo, alhali kuwa ba nauyi ake tambaya ba. CBM ma'aunin fili ne, wato gurbin da akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1 da tsayin mita 1 zai cike. Ana samun sa ta hanyar auna kwalin da santimita, a ninka tsawo da faɗi da tsayi, sannan a raba da 1,000,000. Awon kuma na waje ake ɗauka, bayan an naɗe kayan da soso an sa a kwali ko an ƙaƙaba masa katako.

Mai jirgi abu biyu yake sayarwa, fili da ƙarfin ɗauka, kuma wanda kayanka suka fi ci a cikinsu shi zai caje ka, kamar yadda direban motar kasuwa ba ya yi wa buhun auduga kuɗi da nauyinsa, sai da gurbin da ya tare. Kwantena mai ƙafa 20 tana da filin kusan CBM 33, mai ƙafa 40 kuma kusan 67. Idan kayan mutum ba su cika kwantena ba, ana haɗa su da na wasu, a kwatanta CBM 1 da kilo 1,000, a ɗauki wanda ya fi yawa. A jirgin sama lissafin ya fi tsanani, domin ana raba awon santimitar da 6,000, wato CBM 1 ya zama kusan kilo 167, kamfanonin aika saƙo irin su DHL kuma da 5,000 suke rabawa.

A nan ne kayan sauti suke wahalar da mai saye, saboda nau'i biyu ne masu hali daban. A ɗauka babbar lasifikar bas ce wadda kwalinta ya kai santimita 120 da 70 da 80, nauyinta a sikeli kuma kilo 80. Filinta CBM 0.672 ne, don haka jirgin sama zai lissafa ta a matsayin kilo 112, a biya kuɗin kilo 32 na iskar da ke cikin akwatin. Amfilifaya mai babbar tiransifoma kuwa, wadda kwalinta bai wuce santimita 60 da 55 da 20 ba, lissafin fili zai ba ta kilo 11 kacal, amma idan sikeli ya nuna kilo 30, kuɗin 30 za a biya. Shi ya sa manyan akwatuna suka fi dacewa da jirgin ruwa duk da makonnin da za a yi ana jira, makirfo da mikiza (na'urar haɗa sautuka) kuma a bar wa jirgin sama.

Abin da ya fi damuna shi ne, kuɗin dakon ba ya tsayawa a wurin mai jirgi. Hukumar Kwastam tana lissafa harajin fito ne a kan jimillar farashin kaya da inshora da kuɗin dako, sannan harajin sayen kaya, wato VAT, na kashi 7.5 cikin 100, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, ya hau kan wannan jimillar haɗe da harajin fiton. Ke nan kowane ƙarin CBM sau biyu yake cizo. Da dala kuma ake yanke farashin dakon, ita kuwa naira ba ta zauna wuri ɗaya ba tun da aka sake ta a kasuwa a Yunin 2023. Bayan kayan sun sauka a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a Legas, akwai tirelar da za ta kawo su Kano, inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, daga nan kuma ga 'yan dako, ga shatar motar da za ta bi hanyar burji zuwa ƙauye.

Kwamitin masallacin da ya tara gudummawar manoma bayan kaka bai kamata ya dogara da farashin da aka gani a waya ba. A ganina, ya fi alheri a sayo kan lasifikar, wato ɓangaren da ke fitar da sauti ba tare da akwati ba, da amfilifayar kaɗai, tun da su ne ba a ƙerawa a nan, a ba kafintan da ya ƙware ya haɗa akwatin da filawud mai kauri, da sharaɗin ya bi awon da kamfanin ya bayar, domin akwatin da aka yi da ka yana lalata sauti. Wanda zai sayo daga Amurka kuma ya duba wutar da na'urar take sha, tun da tasu bolt 120 ce, tamu 230, kuma tiransifomar da za ta daidaita su wani nauyin ne da za a biya wa dako.

Kafin a tura ko sisi, a nemi mai sayarwa ya aiko da takardar jerin kaya mai ɗauke da awon kowane kwali da nauyinsa, ejan kuma ya rubuta farashin CBM ɗaya, ya fayyace ko ya haɗa da kuɗin kwastam, da kuma ko a Legas kayan za su tsaya ko a sitonsa na Kano.