Fim Ɗin Da Ba Murya Ma Sai Da Marubuci

Mutane da yawa sun ɗauka cewa finafinan farko, waɗanda ba a jin muryar kowa a cikinsu, ba a rubuta su. Wai darakta ne kawai ke kafa kyamara, 'yan wasa su yi ta motsi yadda suka ga dama. Ba haka abin yake ba, kuma rayuwar marubuciya Anita Loos ta isa shaida.

An haife ta a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1888. Tun tana budurwa take aika labarai ta gidan waya zuwa kamfanin finafinai na Biograph, inda darakta D. W. Griffith ya mayar da ɗaya daga ciki fim a 1912, Mary Pickford ta fito a ciki. Marubucin wancan zamani shi ke tsara labari fage bayan fage: wa zai shigo, me zai ɗauka, yaushe za a nuna wasiƙar da ke hannunsa kusa da kyamara don mai kallo ya karanta.

Sai kuma allunan rubutu da ake sakawa tsakanin hotuna. A ganina nan gwanintarta ta fi fitowa, domin jimla ɗaya ce za ta ɗauki nauyin hira guda, kuma dole a karance ta cikin daƙiƙoƙi. Ita ta rubuta allunan fim ɗin Intolerance na 1916, sannan kalamanta na barkwanci suka taimaka wajen ɗaukaka ɗan wasa Douglas Fairbanks. Da finafinai masu sauti suka zo, kamfanin MGM ya ɗauke ta aiki. Ta rasu a 1981.