Me ya sa Sunderland mai maki 76 ta hau Firimiya, Sheffield mai 90 ta zauna?

Tun da Sunderland ta doke Sheffield United 2-1 a wasan ƙarshe na neman hawa Firimiya a Wembley ranar 24 ga Mayun 2025 ake ta yaɗa cewa an yi wa Sheffield coge. A gidajen kallon ƙwallo har akwai masu rantsuwa cewa hukuma ce ta ɗora Sunderland saboda yawan magoya bayanta. Ba haka ba ne, dokar ce ta zo da hakan.

A kakar 2024/25 ƙungiyoyi 24 ne suka buga gasar Championship, wato rukuni na biyu na ƙwallon Ingila, kowacce wasa 46. Ta ɗaya da ta biyu kai tsaye suke haurawa, wato Leeds da Burnley masu maki 100 kowacce. Gurbi na uku kuwa ba na wadda ta zo ta uku ba ne. A wannan kaka ta uku zuwa ta shida ne suka fafata a kansa a wasannin cike gurbi, waɗanda aka fara yi tun 1987.

A nan mutane suke ruɗewa. Makin da ƙungiya ta tara ba ya bin ta cikin waɗannan wasanni. Ladan ta uku a lokacin kawai shi ne a haɗa ta da ta shida, kuma ta buga wasa na biyu a gidanta. Sheffield ta ci moriyar hakan, ta lallasa Bristol City 6-0 jimillar gida da waje. Sunderland, wadda aka doke a wasanni biyar na ƙarshen kaka, da ƙyar ta tsallake Coventry, sai da Dan Ballard ya sa ƙwallo da ka ana dab da tashi daga ƙarin lokaci. Maki biyun da aka cire wa Sheffield kan jinkirin biyan wasu ƙungiyoyi kuɗi ma ba su canja komai ba, don 92 ba ta kamo 100.

Sai ƙwallon da aka soke a wasan ƙarshe. Sheffield na gaba da ci ɗaya, Harrison Burrows ya ƙara ta biyu, alƙalin wasa ya je ya duba VAR, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙali, ya ce babu. Masu ƙorafi suna cewa ai Vini Souza, ɗan wasan Sheffield da aka ce ya yi satar gida, bai taɓa ƙwallon ba. Dokar satar gida ba ta ce sai ka taɓa ba. In kana cikin satar gida ka tare wa mai tsaron raga gani, ka shiga wasa ke nan. Abin da ya fi ci wa magoya bayan Sheffield rai, kuma ina ganin suna da hujja, shi ne duk tsawon kaka babu VAR a gasar, sai ranar ƙarshe.

Gaskiya tsarin yana da zafi ga ta uku. Tazarar maki 14 ba wasa ba ce. Amma shi ne yake hana ƙungiyoyin tsakiyar teburi sakin jiki tun watan Maris. Ga Sunderland kuwa, ƙwallon Tom Watson a minti na 95 ta kawo ƙarshen shekara takwas a wajen Firimiya, huɗu daga ciki a rukuni na uku.

Su ma dokar ta taɓa cizonsu. A 1998 Sunderland ce ta zo ta uku da maki 90, Charlton ta huɗu ta tashi 4-4 da ita a Wembley, ta kuma fitar da ita a bugun fenareti.