Hawan jini ba sai ya sa ciwon kai ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in jini ya hau, jiki zai faɗa: ciwon kai, jiri, ko gani dishi-dishi. Shi ya sa da zarar sun ji garau sai su ajiye magani. Wannan fahimta tana cutar da mu ƙwarai. Galibin masu hawan jini ba sa jin komai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Ɓarnar tana gudana a ɓoye. Zuciya tsoka ce, in ta shekara da shekaru tana tura jini da ƙarfin tsiya, bangon ɗakinta na hagu sai ya yi kauri ya sandare, ɗakin ya kasa cika da jini yadda ya kamata. Daga baya ta gaji. A lokacin ne ƙafafu ke kumbura har takalmi ya ƙi shiga, mutum ya riƙa haki daga gida zuwa masallaci, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai ya tara matashin kai. Abin takaici, wasu sai a wannan mataki suke zuwa asibiti.

Awo ne kaɗai ke nuna gaskiya. In na'urar awon hawan jini ta yi ta nuna 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita. Gwajin ECG yana duba bugun zuciya, amma yakan kasa gano kaurin bangon. Hoton zuciya da ake kira eko ya fi nuna shi, har da ƙarfin bugunta. Kuma in an dage da magani, kaurin kan iya raguwa.